Bayan Allon Tagulla

Aikina ƙusa huɗu ne da sukundireba.
Kwamiti ya zauna, ya yi gardama, ya sha kofi,
sannan a turo ni da allo a aljihun kwat
in je in gaya wa bango shekarunsa.

Talata ce, a wata unguwa bayan garin Cleveland,
inda taragon lantarki ya saba juyawa ya koma birni.
Yanzu wurin juyawar wankin mota ake yi.
Iskar tafki ta shigo tana cizon kunne,
ƙanƙara ta kwanta a baranda kamar farar kyanwa.

Gida mai lamba goma sha tara,
katako ne daga ƙafa har ka,
ya ɗan karkata hagu, kamar tsoho mai satar jin hira.
Maƙwabtansa biyu katafila ta lashe su bara,
wasu suka tsiro a gurbinsu,
masu ƙofar mota da ta fi ta mutum faɗi,
tagwayen da ko uwarsu ba za ta bambance su ba.

Allon ya ce: Gidan Likita Alvord, 1911.

Ban kai ga ƙusar farko ba
Verna Haluska ta buɗe ƙofa,
shekara tamanin da bakwai, ta dogara sanda.
Ta karanta allon sau biyu, leɓenta na motsi.
"Likitan nan shekara shida ya yi, ya kwashe kayansa.
Shigo. Cire takalmi."

Ta ja ni bayan matakala, ma'ajiyar tsintsiya,
ta danƙa mini tocila.
A jikin katakon da fenti bai taɓa gani ba,
da fensir mai kauri, an rubuta:
Ignac Bodnar, kafinta. Yau ruwa ake yi.

Ƙasa da shi, wani hannun, ƙananan baƙaƙe
masu ɗari-ɗari kamar mai tsoron a kama ta:
Rozalia.

"Uwata," in ji ta.
"Shekara ashirin tana goge benen nan a kan gwiwa
wa mutanen da ba su iya faɗin sunanta ba,
kafin albashin mahaifina na masana'antar ƙarfe
ya taru, ɗigo-ɗigo, ya zama makulli.
Daren farko ba ta iya shiga ta ƙofar gaba ba.
Ta zagaya ta baya, yadda ƙafa ta saba."

A dokin ƙofar kicin akwai zane-zanen tsawon yara,
kowanne na hawa da shekararsa.
Guda ya tsaya daidai ƙuguna.
Ban tambaya ba.
Ta ɗora yatsa a kansa, ta ce, "Tibor,"
ta juya wajen butar shayi.

Na ce zan mayar da allon wa kwamiti.
Ta yi dariya har da tari.
"Su sake zama har bazara?
Ai masu katafila ba sa shan kofi.
Buga shi. Ba ƙarya ba ne, guntuwar gaskiya ce,
da babu gara ba daɗi.
Ko ba komai, wanda zai rushe
sai ya fara karanta wani abu tukuna."

Na fito, yatsuna sun ƙage.
Na kifa allon a kan gwiwata,
na ɗauki ƙusa guda, na karce bayansa:
Ignac. Rozalia. Tibor.
Wuri ya rage kaɗan, na ƙara: Verna,
ba tare da izininta ba.

Likita ya fuskanci titi,
su kuma suka fuskanci bango,
goshi da goshi da abin da suka sani.
Wata rana wani irina zai zo kwance shi,
ya juya, ya tsaya.

Ƙusa uku sun shige salin-alin.
Ta huɗu ta tarar da ginshiƙin Ignac,
ta lanƙwashe.
Sai da na koma mota neman wata.